Robar farfela: Me ya sa masu motar Corvette ke canja ta, kuma me ke biyo baya?

A motar Chevrolet Corvette ƙirar 1997 zuwa 2013, duk ƙarfin da inji ya samar sai ya ratsa ta cikin faya-fayen roba guda biyu kafin ya isa tayoyin baya. Kowane faifai da kaɗan ya wuce faɗin tafin hannu. A Corvette ZR1 ta 2009, wadda injinta ke ba da ƙarfin doki 638, waɗannan faya-fayen ne ke haɗa gaban motar da bayanta, kuma su ne abin da masu ƙara wa inji ƙarfi a Amurka suka fi tuhuma da zarar motar ta fara jijjiga.

Wannan ya sa aka samu kasuwa guda ta masu sayar da madadinsu: wasu na roba mai tauri, wasu na alminiyam zalla, kowanne da alƙawarin cewa ba zai yage ba. Alƙawarin gaskiya ne, sai dai bai faɗi komai ba. Injiniyoyin da suka sa roba a wannan wuri ba rowar ƙarfe ce ta sa su ba, aiki suka ba ta. Idan aka cire ta, aikin ba ya ɓacewa, kan wani ɓangare na motar yake komawa, kuma galibi ɓangaren ya fi ta tsada nesa ba kusa ba.

Batun bai tsaya kan attajiran Amurka ba. Irin wannan faifan yana ƙarƙashin yawancin motocin Mercedes-Benz da BMW masu jan baya da ke yawo a titunan Kano da Kaduna da Abuja, inda kanikawa ke kiran sa robar farfela.

Yadda faifan yake

Faifan zobe ne mai kauri, mai huda shida, kowace huda da bututun ƙarfe a cikinta. Notuna uku suna ɗaure shi da sandar da ke kawo ƙarfi, sauran ukun kuma da sandar da ke karɓa, ana tsallake huda ɗaya-ɗaya. Ma'ana, ƙarfen wannan sanda ba ya murɗa ƙarfen waccan kai-tsaye, sai ta hanyar abin da ke tsakanin hudojin.

Wanda ya yanka faifai mai kyau da zarto zai ga ba roba ce kaɗai ba. A ciki akwai damin zare mai ƙarfi da aka naɗe daga wannan bututu zuwa na kusa da shi, sannan aka zuba roba aka gasa. Zaren ne ke ɗaukar nauyin ja, robar kuma ta riƙe shi a wurinsa, ta kare shi, ta shanye girgiza. Kamfanin SGF na jihar Bavaria a Jamus ya yi suna wajen ƙera irin wannan, kuma yana cikin masu sayar wa BMW da Mercedes-Benz.

Turawa suna kiran sa giubo, sunan da aka gutsuro daga kalmar mahaɗi a harshen Italiya da kuma sunan injiniyan da ya ƙirƙiro shi, Antonio Boschi, wanda ya rayu daga 1896 zuwa 1988 ya kuma yi aiki da kamfanin taya na Pirelli. Boschi da matarsa Marieda Di Stefano sun shafe shekaru suna tara zane-zanen masu fasahar Italiya, kuma gidansu da ke birnin Milan ya zama gidan tarihi a yau. Masu ziyartar gidan da yawa ba za su san cewa mai shi ne ya ƙirƙiro robar da ke ƙarƙashin motarsu ba.

Ayyukan faifan uku ne, amma ɗaya ya fi sauran nauyi. Inji ba ya juyawa sumul kamar fanka. Duk lokacin da fetur ya kama wuta a silinda, sai karanshaf ya samu naushi guda, ya ɗan yi sauri, sannan ya ɗan lafa kafin naushi na gaba. Inji mai silinda 8, irin na Corvette, yana yin wannan naushi sau 4 a kowane juyi. Idan yana juyawa sau 6,000 a minti, to juyi 100 ke nan a daƙiƙa, naushi 400. Robar tana ɗan murɗewa ta dawo a kowane naushi, sai abin da ke isa giya ya zama ya yi laushi. Haka nan idan direba ya saki kuloci da ƙarfi ko ya taka totur ba zato, ita ce ke fara karɓar fizgar. Sauran ayyukan biyu su ne jure ɗan karkacewar da ke tsakanin sandunan biyu, da hana ƙarar haƙoran giya shiga ɗakin mota.

Abin da ya bambanta Corvette

Kamfanin General Motors yana ƙera Corvette tun 1953, kuma tun 1981 a garin Bowling Green na jihar Kentucky ake harhaɗa ta. A 1997, da aka fito da zubi na biyar wanda ake kira C5, an yi canjin da ya jawo wannan magana duka: an bar inji a gaba, aka ɗauke akwatin giya aka kai shi baya aka haɗa da aksul. Dalilin shi ne a raba nauyin motar kusan rabi da rabi tsakanin tayoyin gaba da na baya, don ta riƙe hanya a kwana, ƙafafun direba kuma su samu sarari.

Tsakanin injin da giyar aka shimfiɗa wani bututu mai faɗi, aka ɗaure shi tam ta kowane ɓangare, har inji da bututu da giya suka zama tamkar ƙarfe guda. A cikin bututun farfela take juyawa, boris yana riƙe da ita ta gaba da ta baya, kuma a kowane ƙarshenta akwai faifan roba ɗaya.

Tsofaffin direbobi ba za su ga wannan a matsayin baƙon abu ba, domin Peugeot 504 da aka daɗe ana harhaɗawa a Kaduna ita ma farfelarta a cikin bututu take. Bambancin shi ne a 504 giya tana gaba, farfela tana bayanta, saboda haka gudun farfela yana bin gudun mota. A Corvette farfela tana gaban giya, don haka da gudun inji take juyawa. Mota tana iya kasancewa a giya ta ɗaya tana tafiya a hankali, amma farfelar tana juyi sau 6,000 a minti, ko 7,000 a Z06 ta 2006.

Wannan tsari yana da sauƙi ta wani gefen. A mota irin Benz, giya ta ɗaya tana ninka ƙarfin murɗawar inji sau uku ko huɗu kafin ya sauka kan robar farfela. A Corvette ba a ninka shi, abin da inji ya bayar shi roba ke gani. Wahalar tana wajen gudun juyi, domin ƙarfin da rashin daidaito ke haifarwa ba ya ƙaruwa daidai da gudu, ninkin-ba-ninki yake yi: idan gudu ya ninka biyu, shi ya ninka huɗu. Ɗan lissafi zai nuna girman abin. Nauyin giram 10 da ya karkata gefe guda, santimita 5 daga tsakiyar sanda, idan ana juyi 6,000 a minti, yana fizgar sandar da ƙarfin da ya kai na nauyin kilo 20, kuma fizgar tana zagayawa sau 100 a daƙiƙa. Gutsuren roba da ya ɓalle daga gefen faifai ya isa ya haifar da haka.

Me ke kashe ta?

Shekaru ne na farko. Roba tana bushewa ta tsattsage ko ana hawa motar ko tana ajiye, kuma C5 mafi ƙarancin shekaru, wato ta 2004, ta riga ta haura shekara 20. Zafi yana ƙara hanzarta lalacewar. Bututun farfela yana bi ta saman bututun hayaƙi, kuma masu sa manyan bututun hayaƙi don ƙarin gudu suna ƙara wa wurin zafi. Mai ma abokin gabar roba ne, domin idan ya jiƙa ta sai ta kumbura ta yi laushi ta saki zarenta.

Sai kuma ƙarfi. Injin C5 na 1997 lita 5.7 ne, yana ba da ƙarfin doki 345. Z06 ta fito a 2001 da 385, a 2002 ta koma 405. Zubi na shida, C6, ya zo a 2005, kuma Z06 ɗinsa ta 2006 tana da inji mai lita 7 da ƙarfin doki 505. Kamfanin da kansa ya ga buƙatar ƙarfafa wurin. Motocin 1997 zuwa 2000 sun zo da faifai mai notuna masu kaurin milimita 10, a 2001 kuma aka fara amfani da babban faifai mai notunan milimita 12. Milimita 2 kamar ba komai ba ne, amma idan aka auna faɗin jikin ƙarfen, ƙarin ya kai kashi 44 cikin 100. Abin lura a nan shi ne hanyar da kamfanin ya bi: da ƙarfi ya ƙaru, sai ya ƙara girman robar, bai maye ta da ƙarfe ba.

Masu gyara kuwa ba su tsaya inda kamfani ya tsaya ba. Injunan Corvette suna da sauƙin ƙara wa ƙarfi, kuma da na'urar cusa iska kaɗai ana iya ɗaga su sama da abin da aka ƙera farfelar dominsa. Da yawa daga masu motar suna kai ta filin tseren miƙaƙƙiyar hanya mai tsawon kusan mita 400, inda ake tashi daga tsaye da cikakken totur a kan tayoyi masu kama ƙasa kamar danƙo. Tayar titi takan yi sulɓi idan ƙarfi ya yi mata yawa, kuma sulɓin kariya ne ga duk abin da ke tsakaninta da inji. Tayar tsere ba ta yin sulɓi, sai duk fizgar ta koma ciki.

Mafi muni shi ne abin da ake kira tsallen taya: taya ta kama ƙasa, ta kuɓuce, ta sake kamawa, sau da yawa a daƙiƙa guda, bayan motar yana bubbuga ƙasa. Kowace kamawa tamkar dukan guduma ce ga farfela da aksul. An san tsallen taya da karya sandunan aksul da fasa kaskonsa a C5, kuma faifan roba yana cikin waɗanda ke fara jin jiki.

Zaɓin da ke gaban mai mota

Zaɓi na farko, wanda ba ya burge kowa a wurin taron masu motoci, shi ne a sake sa roba mai zare ta asali. Mai tsohuwar C5 kuma yana iya komawa ga tsarin milimita 12, sai dai wannan ba canjin faifai kaɗai ba ne, dole farfela da kawunan da faifan ke ɗaurewa a kansu su dace da shi. Ga motar da injinta ke kusa da yadda kamfani ya fitar da shi, ko aka ɗan taɓa shi kaɗan, babu hujjar wuce nan. Robar da ta yi shekara 15 ko 20 kafin ta gaza ba za a ce mai rauni ba ce.

Na biyu shi ne faifan foliyuretan, wani nau'in roba mai tauri da ya fi jure mai. Wasu ana zuba shi zalla, wasu kuma jikinsu na alminiyam ne da zobban foliyuretan a hudojin. Yana rage murɗewa, direba ya ji mota tana amsa totur da wuri. Rauninsa zafi ne: idan ana matsa shi ana saki da sauri yakan tara zafi a cikinsa, kuma idan zafin ya yi yawa sai ya yi laushi ko ya tsage a bakin huda. Tun da yawancinsa babu damin zare a ciki, babu abin da zai riƙe shi idan tsagewar ta fara. Ingancinsa ya dogara sosai kan wanda ya ƙera shi, shi ya sa ake samun masu yabo da masu kuka a kan abu mai suna ɗaya.

Na uku, wanda ya fi jawo muhawara, shi ne faifan alminiyam zalla. Wannan ba ya yagewa, ba ya tsufa, mai da zafi ba sa yi masa komai. Ba ya kuma yin ko ɗaya daga ayyuka ukun da aka sa roba dominsu. Naushi 400 ɗin nan na kowace daƙiƙa yanzu sai ya wuce kai-tsaye zuwa haƙoran giya, kuma sifirin ɗin da ke tsakiyar faifan kuloci ne kaɗai ya rage da zai shanye shi. Fizgar tashi da ta tsallen taya ta sauka kan sandar shiga giya da sandunan aksul. Ɗan karkacewar da roba ke haɗiyewa ba a sani ba, yanzu boris ne zai ɗauke ta a kowane juyi. Sakamakon da aka saba gani shi ne ƙarar kacau-kacau daga giya idan mota tana tsaye, jijjiga a wani mataki na gudun inji, da boris da ke ƙarewa kafin lokacinsa.

Wasu suna raba tsakani, su sa ƙarfe a gefe ɗaya su bar roba a ɗayan, ko da yake masu yin hakan ba su ma daidaita kan gefen da ya kamata a bar wa robar ba. Dabarar tana rage ƙara, amma tana da nata cikas: murɗewar da faya-faye biyu ke rabawa a da, yanzu guda ɗaya ne ke ɗauka. Wasu kuma suna cire farfelar gaba ɗaya su sa ta zaren kabon, wadda ba ta da nauyi kuma jikinta yana ɗan murɗewa ya dawo. Doguwar sanda tana da wani gudu da idan ta kai sai ta fara lanƙwasa tana kaɗawa kamar igiyar tsalle, kuma sanda mara nauyi mai faɗin jiki tana ɗaga wannan iyaka sama. Ita ce mafita mafi tsada, kuma ga motar da ƙarfinta ya ninka na kamfani ne take da ma'ana.

Tambayar da ya kamata mai mota ya yi ba ita ce wanne ya fi ƙarfi ba. A kowane jerin ƙarafa masu ɗaukar ƙarfi akwai wanda zai fara karyewa idan nauyi ya wuce kima, kuma mai hankali shi ke zaɓen wanda zai zama hakan. Ɗan tseren da ke sauke giyarsa yana dubawa a kai a kai, wanda ya riga ya ƙarfafa aksul da sandunansa, ba ya kuma damuwa da ƙara, yana da dalilin sa ƙarfe. Wanda ke hawa motarsa a titi ya sa ƙarfe don kawai ya ji an ce ya fi, ya ɗauke hatsarin daga kan abu mafi araha ya ɗora shi kan giya.

Aikin ya fi kayan tsada

Abin da ke tura mutane ga ƙarfe sau da yawa ba tsere ba ne, tsoron maimaita aikin ne. Faya-fayen Corvette suna cikin rufaffen bututu, ba a ganin su daga waje. Kafin a kai gare su sai an cire bututun hayaƙi da farantin da ke rufe ƙasan motar, a sauke gadon tayoyin baya tare da giya da aksul, a zare bututun, sannan a zaro farfelar daga cikinsa. Kuɗin bakanike ya fi na faya-fayen sau da yawa, saboda haka mai mota yakan ce gara ya sa abin da ba zai sake lalacewa ba. Sai dai boris ɗin da faifan ƙarfe zai cinye a cikin bututun nan yake, kuma hanyar kai wa gare shi ita ce dai wannan doguwar hanya.

Don haka masu lissafi sukan haɗa ayyukan wuri guda: idan za a canja kuloci, sai a canja faya-fayen da boris da famfon kulocin da ke ciki a zama ɗaya. Wurin haɗawa kuma akwai ƙa'idojin da ba a tsallakewa. Ana yi wa farfela da kawunanta alama kafin a kwance, don a mayar da su yadda aka daidaita nauyinsu a masana'anta. Ana wanke zaren notuna a shafa musu maganin hana kwancewa, a ɗaure su da sifana mai awo gwargwadon adadin da littafin kamfani ya faɗa. Ɗaurin ƙiyasi da ƙarfin dantse ba ya aiki a kan abin da ke juyi sau 100 a daƙiƙa. Noti guda da ya kwance a cikin bututun zai iya huda shi.

Akwai wata hanya mai sauƙi ta gane inda jijjiga take fitowa a Corvette mai giyar hannu, kuma daga tsarin motar ta samo asali. Kulocin yana gaba, manne da inji. Idan mota tana tsaye ba ta cikin giya, ƙafa ba ta kan kuloci, farfela tana juyawa tare da inji. Da an taka kuloci sai ta rabu da shi ta tsaya. Jijjigar da ke ƙaruwa idan an ɗaga totur, ta kuma ɓace da an taka kuloci, daga farfela ko giya take. Wadda ta ci gaba ko an taka, sai a neme ta a inji. A mai giyar atomatik gwajin ba ya yiwuwa, domin farfelar tana juyawa muddin inji na aiki.

A zubi na takwas, C8, wanda ya fito a 2020, an mayar da inji bayan direba, manne da giya, sai doguwar farfelar da bututunta suka tafi. Amma C5 da C6 suna nan da yawa a kasuwar tsofaffin motoci, kuma mai saye a yau yana iya tarar da robar da aka sa tun a masana'anta.

Mai Benz da mai BMW

Yawancin motocin da ma'aikata da 'yan kasuwa ke hawa a Najeriya, irin su Corolla da Camry da Accord, masu jan gaba ne, ba su da wannan faifai. Hilux da manyan motocin kaya kuma mahaɗin ƙarfe mai siffar gicciye suke amfani da shi. Wanda maganar ta shafa shi ne mai Benz ko BMW mai jan baya, daga tsohuwar 190 da wadda ake kira Bi-but zuwa C-Class da E-Class da BMW 3 da 5.

Abu mafi muhimmanci a gare shi shi ne kada ya kwaikwayi ɗan tseren Corvette. A Corvette bututu ya riƙe inji da giya a layi guda, shi ya sa faifan ƙarfe yake iya zama ko da da wahala. A Benz da BMW babu wannan bututu. Inji da giya suna zaune a kan robobi, suna ɗan jirkicewa duk lokacin da aka taka totur ko aka faɗa rami, kuma faifan ne ke lanƙwasawa ya bi su. Idan aka sa abin da ba ya lanƙwasawa, ko bakanike ya yi dabarar walda don ya huta, to bayan akwatin giya da boris ɗin tsakiyar farfela ne za su biya.

Alamomin lalacewa a nan suna bin gudun mota ne, ba na inji ba. Ana jin ƙwas idan an sa giya ko an koma ribas, da bugu a ƙarƙashin kujera idan an taka totur da ƙarfi daga tsaye, da jijjigar da ke zuwa a wani gudu. Sa'ar da aka yi ita ce faifan a fili yake, ko kuma bayan farantin kare zafi. Idan aka hau rami da tocila, tsagewa a kusa da hudoji, ko zare da ya leƙo waje, ko roba da ta kumbura da mai, kowanne ya isa dalilin canji. Jinkiri yana da hatsari, domin farfelar da ta kuɓuce a kan babbar hanya tana dukan ƙasan mota da bututun hayaƙi, tana kuma iya fasa bayan giya.

Faifan da ya mutu da wuri yawanci wani abu ne ya kashe shi. Robar zaman inji ko ta giya da ta zauna takan sauke giya ƙasa, sai faifan ya riƙa juyawa a karkace. Man da ke ɗiga daga bayan giya yana sauka a kansa kai-tsaye. Ɗan bututun da ke tsakiya, wanda ke riƙe farfela a saiti, shi ma yana cinyewa. Wanda ya canja faifai bai duba waɗannan ba zai dawo gareji ba da jimawa ba, ya ɗora wa mai kayan gyara laifin da ba lallai nasa ba ne.

Wajen saye kuma, ko a Ƙofar Ruwa ne ko Panteka ko Apo ko Ladipo, a tafi da lambar bodin mota, domin faya-fayen sun yi kama da juna amma tazarar hudoji da kaurin notuna sun bambanta. Kayan Baljiyam suna da amfani a wurare da yawa, amma a nan ba su da shi, tun da robar da aka ciro daga motar da ta shekara 15 ta riga ta tsufa ko da fuskarta tana da kyau. Sabon da arharsa ta yi yawa kuma ana iya samun zarensa kaɗan ne, abin da ido ba ya gani sai ya yage.

A jikin faya-fayen BMW da yawa akwai ƙananan kibiyoyi a gefe, kuma kowace kibiya dole ta nuna yatsan ƙarfen da za a ɗaure a wannan huda. Idan aka juya shi, nauyi zai faɗa kan ɓangaren da ba a ƙera don ɗaukarsa ba, sabon faifai ya lalace tun bai daɗe ba. Notunan da ke kulle kansu sau ɗaya ake amfani da su, don haka a nemi sababbi tare da faifan, a kuma tabbatar bakanike ya yi wa farfelar alama kafin ya raba ta biyu.